Auren Da Bai Haye Kogi Ba

Ba a gama naɗe tabarmin zaman makoki ba Haji Mat Zin ya sa aka kira masa Habsoh falo. Ya zauna a kujerar ƙaninsa Razali, Li a bakin 'yan gida, wanda aka binne jiya da la'asar bayan motar katako ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar Pasir Mas. Ya gyara zaman farar hularsa, ya yi gyaran murya irin ta mutumin da ya je Makka sau biyu kuma ba ya son kowa ya manta.

"Habsoh, mijinki ya rasu, kin san abin da Allah ya ɗora miki. Ba fita, ba kwalliya, ba turare. A ɗakin mijinki za ki zauna har ki fita takaba."

"Na sani, Abe Zin," ta ce, kanta a ƙasa, don Abe, wato Yaya, take kiransa. "Sai dai maganar hatimina. Ƙarshen watan nan ya kamata in hau gada a sabunta min."

Habsoh 'yar tsallaken kogi ce, ɓangaren Tailan. In ta tsaya a ƙofar kicin tana hango kan bishiyoyin kwakwar ƙauyensu. Harshensu ɗaya da mutanen nan, alƙibla ɗaya, har romon kifin da suke yaryaɗawa a shinkafa ɗaya ne. Amma kogin Golok, wanda yara ke ratsawa da ƙafa in ruwa ya ja baya, ya isa ya mai da ita baƙuwa. Tun da aka kawo ta gidan nan, duk wata sai ta hau gada an buga mata hatimi a ɗan littafinta na ƙetare iyaka, ta juyo kafin shinkafar rana ta nuna.

"Hatimi!" Haji Mat Zin ya ɗaga hannuwa sama kamar an zage shi. "Ina miki maganar dokar Allah, kina min maganar tawadar gwamnati? Wa ya isa ya shigo gidan nan ya tambaye ki hatimi ina numfashi?"

Zaharah, yayar marigayin, tana gefe tana ninke mayafai. Bakinta ya saba riga hankalinta, don haka ita ta faɗi abin da ba a so a faɗa.

"Kuma in ta haye suka riƙe ta a can, wa zai kula da Tok?"

Tok Limah ita ce uwarsu; Tok, wato Kaka, kowa ke ce mata. Tana kwance a ɗakin da ke jikin kicin, ɓarin jikinta ya shanye tun kafin Habsoh ta haifi 'yarta Balkis. Sai an juya ta, an wanke ta, an ba ta abinci a baki, an kwashe abin da ta yi. 'Ya'yanta suna sonta ƙwarai, amma daga bakin ƙofa. Haji yakan leƙo ya yi addu'a ya tofa daga nesa. Zaharah ba ta shiga sai da turaren fesawa a hannu. Duk abin da ya rage na Habsoh ne.

Aure dai an ɗaura shi, ba wanda ya taɓa musun haka. A barandar mahaifinta aka ɗaura, a tsallake. Dangin Razali sun haye kwale-kwale bayan kwale-kwale, suka ci naman sa har suka ƙulla saura a leda. Haji Mat Zin da kansa ne shaida; ga shi nan a hoton da ke rataye a falo, dama da ango, bakinsa na ƙyallin maiƙo. Malaman can suka ba da takarda mai tambari. Abin da ya rage shi ne Razali ya kai ta ofishin addini na wannan ɓangaren, ya tsaya gaban alƙali, ya biya tarar wanda ya yi aure a waje ba izini, a shigar da su littafi. Razali mutumin kirki ne, amma Allah ya jarrabe shi da "gobe". In an gama girbi. In ambaliya ta janye. Bayan Sallah. Har motar katako ta riga shi.

Da aka haifi Balkis a gida, a hannun ungozoma, Zaharah ce ta kawo dabara. Yarinyar da uwarta baƙuwa ce, auren iyayenta kuma ba ya littafin gwamnati, ƙasar uwarta za ta bi, ba ta da kujera a makarantar nan. Ita kuwa Zaharah ta daɗe da mijinta, malamin makaranta, Allah bai ba su haihuwa ba. "A rubuta ta da sunana, na ɗan lokaci ne, kafin Li ya gyara takardunku." Habsoh na kwance da ɗanyen jego, kowa a ɗakin yana gyaɗa kai, ita ma ta gyaɗa.

Takaba ba ta yi nisa ba aka buɗe makarantu. Zaharah ta iso a 'yar motarta da kayan makaranta sababbi fil, farar riga da shuɗin siket da ɗan mayafi. Balkis ta saka tana ta juyi a tsakar ɗaki, shekarunta bakwai, ba ta san me ake ciki ba.

"Kin ga," in ji Zaharah, "tunda ba ki fita, wa zai riƙa kai ta yana ɗauko ta? Gidana yana bayan makarantar. Ta zauna wurina ranakun karatu, Juma'a da Asabar in kawo miki ita."

"Kak Zah," in ji Habsoh, don Kak ake ce wa yaya mace a nan, "ai motar makaranta tana tsayawa bakin masallaci. Yaran unguwa duk ita suke shiga."

"Motar nan da ake cusa yara kamar kifin gwangwani? 'Yar Li? Marainiya? Haba Habsoh, ki ji tsoron Allah."

A gidan nan duk wanda zai karɓe maka abu sai ya fara ce maka ka ji tsoron Allah.

Zaharah ta jawo yarinyar gabanta. "Balkis, in an tambaye ki a makaranta wace ce ni, me za ki ce?"

"Mak Ngah," in ji Balkis, don haka ta tashi tana kiran gwaggonta.

"A'a. Umi. Ce Umi in ji."

Yarinyar ta waiga wurin uwarta, wadda take kira Mek, wato Inna. "Mek?"

"Ki faɗa," in ji Habsoh. "A makaranta ne kawai."

Ta haɗa mata kaya a jaka, ta sa mata kwalbar man kwakwar da take shafa mata a gashi. Ko bakin titi ba ta raka su ba, tunda mai takaba ba ta fita. Ta tsaya a kan matakala har motar ta sha kwana, sannan Tok Limah ta buga gwangwanin da aka ajiye mata a gefen gado, ta koma ciki.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, hatimin ya mutu a cikin akwati. Ta sake yi wa Haji magana ranar da ya zo tofi. Ya ce haƙuri shi ne adon mai takaba, ya sa takalminsa.

Ranar sadakar arba'in tun asuba take kan ƙafafunta. Ta dafa shinkafa shuɗiya tukunya-tukunya, ta gasa kifi, ta soya kwakwa, ta yanka ganye har yatsunta suka yi kore. Da ta fito da faranti falo sai ta ga bango wayam. Inda hoton bikinta yake, sai murabba'in fenti mai haske da ƙusa.

"Kak Zah, ina hoton?"

"Abe Zin ya ce a sauke. Hoto yana hana mala'ikun rahama shiga, ga shi za a yi wa mamaci addu'a."

A bangon da ke fuskantar wannan, hoton Haji Mat Zin ne sanye da harami yana murmushi, yana nan daram. Da alama mala'iku ba su da matsala da wannan.

Cikin baƙin har da shugabar makarantar su Balkis, don mijin Zaharah a ƙarƙashinta yake aiki. Habsoh tana kicin ta ji Zaharah ta tare yarinyar a lungu tana mata raɗa, irin raɗar da ake ji har bayan gida.

"Yau akwai baƙi. Kar in ji kin ce Mek. Kak Habsoh za ki ce. Kin ji ko?"

Can an jima shugabar ta suɗe yatsunta ta ce, "Kai, wa ya yi wannan girki?"

"Yarinyar da ke taimaka mana da Tok ce," in ji Zaharah, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "'Yar tsallake. Hannunta da daɗi, ba laifi."

"Kun yi sa'a wallahi. Samun mai amana yanzu sai an tona."

Habsoh tana tsaye da butar shayi a hannu, sanye da tufafin takabar ɗan gidan. Matan unguwa suna zaune reras, waɗanda suka yi mata lalle ranar da aka kawo ta, suka ɗauki Balkis ranar suna. Kowacce ta kafa ido a farantinta. Kifin ranar yana da ƙaya sosai, dole a mai da hankali.

Bayan an watse ta sami Zaharah tana zuba ragowar shinkafa a robobin da za ta tafi da su.

"Kak Zah, 'yar aiki kika ce da ni."

"To me kike so in ce? In ce ga uwar Balkis, matar nan ta koma ofis ta buɗe takarda ta ga sunana? Don 'yarki nake yi fa. Wata da gode min za ta yi."

Daga nan Juma'o'in suka fara zamewa. Wannan satin akwai karatun Alƙur'ani, wancan akwai biki a Kota Bharu, na gaba mura ce, kar ta shafa wa Tok. Ranar da aka kawo Balkis, an datse mata gashi iya kunne. Gashin da Habsoh ta raina da man kwakwa tun yana ɗan tsiro har ya sauka gadon baya. Zaharah ta ce kwarkwata ce ta yi yawa a aji. Habsoh ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta da mataji a hannu, ta rasa abin da za ta taje. Ta daure, tana gaya wa kanta takaba ba ta dawwama. Tana fita za ta gyara abin da Razali ya bari.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta gyara Tok Limah, ta ɗauko takardar aurenta daga ƙasan akwati, ta hau motar haya zuwa ofishin addini. Ta zauna a benci har rana ta take. Matar da ta karɓe ta ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta. Ta duba takardar gaba da baya ta tura mata abinta.

"Wannan aure ne, a can. A nan sai kotu ta tabbatar da shi."

"Amma malamai ne suka ɗaura. Ga tambari."

"Ban ce ba a ɗaura ba, Kak. Na ce bai hayo ba. Ina mijin?"

"Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. To sai magadansa su zo, da wanda ya yi shaida in yana raye. Su tsaya gaban alƙali su ce e, matarsa ce. Akwai 'ya'ya?"

Habsoh ta shiga ninke takardar auren. Matar ta miƙa hannu ta ɗauki littafin ƙetare iyakar da ke leƙowa daga jakarta, ta buɗe shafin ƙarshe, ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe ta mayar mata a hankali.

"Wannan ban gan shi ba. Ki bi ta ƙofar baya, akwai masu kaki a gaba."

Shagon Haji Mat Zin yana bakin kasuwa. Dadduma yake sayarwa da carbi da dabino da ruwan zamzam a jarka, duk abin da mutum zai riƙe a gan shi da shi. Ta same shi yana shan kofi, ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Rana ɗaya kawai take roƙo, ya zo kotu ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Haji ya ajiye kofin. "Zauna, Habsoh. Ke yarinya ce, ba ki san yadda duniya take ba. In na tsaya gaban alƙali na ce ke matar Li ce, tambaya ta gaba mece ce? Ina 'ya'ya. In na ce Balkis, Zaharah ta tafi gidan yari, mijinta ya rasa aiki, Balkis a kore ta daga aji. Abin da kike nema ke nan? Ke uwa ce ko maƙiyiya?"

"A gyara mana, Abe Zin. A faɗi gaskiya a biya tara. Ana yi."

"Ana yi! Ji ta. Kuma ma, auren tsallaken nan, ni har yau akwai abin da bai kwanta min ba. An daɗe. Wa ya yi walicci? Da wane lafazi? Ni ba zan ɗaga hannu in yi rantsuwa a kan abin da nake kokwanto ba. Ina da kabari a gabana."

"Mahaifina ne ya yi walicci. Kana zaune kusa da shi. Kai ka ce 'ya tabbata' kafin kowa."

"Ke kika ce."

Ta dube shi. Tunda ta shigo gidansu ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai yau.

"To Abe Zin, takabar wa na yi?"

Ya ja carbi. Irinsu ba sa rasa amsa. "Wannan tsakaninki da Allah ne. Ladanki na nan, ba ya ɓata."

"Shi ke nan. Ku ba ni 'yata in haye da ita. A can takardar nan aure ce, Balkis kuma 'yar Razali ce, kowa ya sani."

"Ki haye da 'yar wa? A takarda 'yar Zaharah ce, 'yar ƙasa. Baƙuwar da ta ɗauki 'yar ƙasa ta ƙetare iyaka da ita, kin san sunan da 'yan sanda ke kiranta. Balle ke da hatiminki ya mutu tun yaushe."

"Kai ka hana ni zuwa!"

"Ni? Ni ce miki na yi ki bi Allah. Ban ce ki karya dokar ƙasa ba." Ya miƙe ya gyara wata dadduma da ba ta karkace ba. "Shawarata, ki koma gida ki huta. Yau kin je ofis, an ga fuskarki. Gobe wani ɗan hassada ya kai rahoto a zo a ja mace daga gidan mahaifiyata, ina zan sa fuskata?"

A yammacin ranar shi da Zaharah suka yi shawara a mota, gilashi a rufe, suka yanke a mai da ita tsallake. Mace da ta fara sanin hanyar ofis ba ta zama a gida. Wankin tsohuwa kuwa, in ji Zaharah, ai ba karatu ba ne, kowa zai iya.

Washegari Haji da kansa ya kai ta gada. Ya shiga ofishin iyaka yana rabon sallama, ya biya tarar wuce wa'adi ba tare da ya nemi ragi ba. Ashe gidan sun san hanyar biyan tara. Zaharah ta yi alkawarin kawo Balkis su yi sallama. Habsoh ta tsaya a bakin gada da jakarta tana duba kowace ƙaramar mota har mai gadi ya ce ta matsa. Daga baya aka ce yarinyar tana da jarrabawa.

Mahaifinta ya riga ya rasu, don haka wurin wanta Dolah, wanda ya gaji gidan, ta sauka. Matarsa ta ba ta ɗaki. Da safe takan bi su gona tsagar itatuwan roba don tatsar ƙaro, da rana ta zauna a bakin kogi inda ake hango jan rufin gidan Tok Limah ta tsakanin itatuwa. A wannan gaɓar ita matar Razali ce, uwar Balkis, har hakimin ƙauye ya zo mata ta'aziyya. A waccan gaɓar, wadda ɗan yaro zai iya jefa dutse ya kai, ba ta taɓa aure ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. In ta kira wayar Zaharah, ko Balkis tana barci, ko tana wanka.

A can kuwa wankin tsohuwa ya zama karatu. Zaharah ta gwada, ta fito tana amai a bayan gida. Suka ɗauko wata mata daga unguwa, ta yi kwana kaɗan ta ce bayanta na ciwo. Suka ɗauko wata, ta tafi da rediyo. Tok Limah ta daina cin abinci, bayanta ya fara gyambo, wari ya kai falo. Maƙwabta suka fara magana a masallaci, wannan kuwa shi ne abin da Haji ba ya iya ɗauka.

Sai ga shi wata Laraba ya hayo gada da gwangwanin biskit a hannu. Dolah ya shimfiɗa masa tabarma a baranda. Haji ya zauna daidai inda ya zauna ranar ɗaurin aure, jikin ginshiƙin nan, bai ko lura ba. Ko ya lura, fuskarsa ba ta nuna ba.

"Tok tana ta kiran sunanki," ya ce. "Mun zauna mun duba, mun ga bai kamata zumunci ya yanke ba. Na samo hanya, kuma hanya ce mai tsabta. Akwai takardar da gwamnati ke ba mai aikin gida. Shekara guda cur, ba hawa gada duk wata, ba tsoron masu kaki. Ni zan tsaya miki."

Dolah ya ajiye sigarinsa. "Mai aikin gida? Haji, a nan ka zauna. A nan! Sa na yanka muku, ka ci ka ƙulla a leda. Yau ka dawo ka ɗauki ƙanwata boyi a gidan mijinta?"

"Suna ne kawai a takarda, Dolah. Mu a zuciyarmu mun san ko ita wace ce."

"To ku je ku faɗa wa alƙali abin da ke zuciyar taku mana!"

"Ka ga, ni da alheri na zo."

"Tashi ka bar min gida da biskit ɗinka, kafin in manta da furfurarka."

"Abe Lah, dakata," in ji Habsoh daga bakin ƙofa. Ba ta kalli wanta ba. "Abe Zin, Balkis tana zuwa gidan?"

"Duk Juma'a. Ai dole ta zo gaida kakarta."

"Duk Juma'a?"

"In Allah ya yarda."

Dolah ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, matarsa ta yi kuka. Habsoh ta shiga ɗaki ta fara ninke kayanta.

Takardar da za ta ce ita matar Razali ce ta shekara takwas tana jiran gobe, gobe ba ta zo ba. Takardar da ta ce ita 'yar aiki ce ba ta ƙarasa wata biyu ba. Haji Mat Zin, mai ciwon gwiwa, mai kokwanto, mai kabari a gabansa, shi ya bi layi a ofisoshi, ya kai ta gwajin likita, ya sa hannu duk inda aka nuna masa, ya yi rantsuwar da aka nema ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Da wakilin da ke cike takardun ya tambaya ko tana da iyali a wannan ƙasa, Haji ne ya amsa mata. Ya ce babu.

Ta hayo gada da rana tsaka, aka buga mata hatimi mai kyau, jami'in har ya ce mata barka da zuwa. Ɗakinta na aure ta same shi da kwaɗo, an cika shi da katan-katan na dabino. Aka nuna mata katifa a ɗakin Tok Limah, don ta fi jin motsinta. Tsohuwar ta kama wuyan hannunta da hannunta mai lafiya ta ƙi saki, hawaye na bin gefen fuskarta. Habsoh ta ɗora ruwan zafi, ta wanke gyambon, ta buɗe tagogi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci falo ya cika. Haji ya zo da abokansa biyu su ga yadda aka gyara tsohuwa, Zaharah ta zo da mijinta. Habsoh tana kicin tana kankare kwakwa ta ji takun da ko cikin kasuwa za ta gane shi. Balkis ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ƙara tsawo, haƙoranta na gaba sun fito, gashin ya ɗan tofo amma ya bushe, ba mai shafa masa mai.

"Kak Habsoh, Umi ta ce ki kawo shayi."

Habsoh ta ajiye kwakwar. Ta leƙa lungu, ba kowa. Ta durƙusa har fuskarsu ta daidaita, ta kama 'yan yatsun yarinyar.

"Ba kowa a nan, Balkis. Ni da ke ne. Ce min Mek, sau ɗaya."

Yarinyar ta waiga wajen falo, ta dawo da idonta.  Ta matso har numfashinta na taɓa kunnen uwarta.

"Umi ta ce in na sake faɗa, za a mai da ke tsallake, ba za ki ƙara dawowa ba." Ta zare hannunta a hankali. "Ni ba na so ki tafi, Kak Habsoh."

Ta juya da gudu.

Daga falo muryar Haji Mat Zin ke tashi, cike da natsuwar mutumin da ya sauke nauyi. "Tausayinta muka ji, ba ta da kowa. Amma na ce in za a yi, a yi shi bisa ƙa'ida. Mu gidan nan ba ma wasa da doka, ta Allah ko ta hukuma. Ku tambaya ku ji, takardunta cikakku ne."

Abokan suka ce madalla, irinsa sun yi ƙaranci. Habsoh ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta jera kofuna a tire, ta zuba wa Balkis, 'yar gidan, nata da madara da yawa yadda take so, ta ɗauka ta kai musu.